Ruwan da Na Hana Ɗan Yayata

Shekara huɗu na yi ina koyarwa a wata kwalej ta samari a Parakou, a farkon shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey. Tarihi na karanta, shi kuma aka ɗauke ni in koyar. Motsa jiki an ɗora mini shi ne daga baya, da Bafaranshen da yake riƙe da shi ya koma ƙasarsu. Ya bar raga ɗaya, ƙwallo biyu, agogon ƙidayar daƙiƙa, da wani littafi mai jan bango da ya yi bayanin yadda ake horar da 'yan wasa. Na karanta littafin nan sau uku daga farko har ƙarshe, domin ban saba karɓar aiki in yi shi da ka ba. Ta haka na zama mai horar da 'yan ƙwallon raga, wasan da muke kira bole.

Abu na farko da na yi shi ne na sayi babban kaye, wato littafin rubutu, na ja masa layuka da rula, na ba kowane ɗan wasa shafinsa. Su goma sha biyu ne. Sau uku a mako, bayan sallar asuba, muna gudu daga ƙofar makaranta zuwa tashar jirgin ƙasa mu dawo. Da mun tsaya, kowa zai ɗora yatsu biyu a gefen wuyansa, ni in riƙe agogo, su ƙidaya bugun zuciyarsu. Mu jira minti ɗaya a sake ƙidayawa, mu jira uku a sake. Haka muke yi da yamma bayan atisaye a fili. Abin da nake dubawa shi ne saurin da bugun yake sauka, domin wanda zuciyarsa take komawa daidai da wuri shi ne mai numfashi. A wancan zamani ɓangaren da yake da bugun farko ne kaɗai yake samun maki, saboda haka wasa yakan ja har awa biyu. Na lura tun da wuri cewa gwanin tsalle yana iya cin zagaye na farko da na biyu, amma zagaye na biyar na mai numfashi ne.

Na rubuta dokoki a allo na rataye a jikin sandar raga. Ta ƙarshe ita ce: ba a shan ruwa daga fara atisaye ko wasa har sai an yi rabin awa da gamawa. An yarda mutum ya kurkure baki da ruwan buta ya tofar. Littafin ya nuna cewa ruwa yana nauyaya ciki yana kashe ƙafa, kuma haka malamanmu suka koya mana a makarantar horon malamai. Ban taɓa shakkar wannan doka ba. Da hannuna na rubuta ta, da alli mai kauri fiye da sauran.

A cikin yaran nan akwai ɗan yayata. Shi ne ɗanta na fari, ya kai shekara goma sha takwas, dogo ne, bahago, kuma babu wanda ya kai shi dukan ƙwallo a saman raga. Saura 'yan watanni ya zauna jarrabawar fita. Mahaifinsa, wanda kowa yake kira Alhaji, ɗan kasuwar goro ne a Djougou, daga gidan fataken da kakanninsu suka yi ta kai da komowa tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa kafin su zauna. Da ƙyar ya ba ni yaron. Rumfarsa ta kasuwa yake so ya gada, kuma a ranar da na tafi da shi ya gaya mini a zaure, a gaban mutane, cewa amana ce ya ba ni: duk ranar da boko ko wasan boko ya taɓa lafiyar yaron, zai dawo rumfa, ba kuma za a sake maganar ba. Na amsa da cewa na ji.

Alhaji bai taɓa fahimtar gudun asuba ba. A wurinsa ɗan gidan fatake da numfashinsa ake haifarsa, tun da kakanninsa sun taka daga Gwanja har Kano da ƙafa. Kowane mako yana aiko wa yaron ƙullin goro ta hannun direban kamyo, wato babbar motar kaya, da saƙo iri ɗaya: in ƙishi ya kama shi a wurin wasa ya tauna goro kada ya sha ruwa, domin haka mazan ayari suke yi a kan hanya. Ban san da saƙon nan ba sai daga baya.

A tsakiyar bazara yaron ya faɗi. Muna cikin atisayen yamma, ya sauko daga tsalle, ya dafa sandar raga, ya durƙusa, sai ya kife a gefe. Na ɗauke shi da hannuna zuwa inuwa. Bai jima ba ya farfaɗo, amma a ɗan lokacin nan na ga fuskar yayata, na kuma ji muryar Alhaji a zaure kamar yana tsaye a kaina. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya saurari ƙirjinsa ya ce bai ji komai ba, gajiya ce. Da nake kwance masa wando don ya sami iska, sai ɓarin goro biyu suka faɗo daga aljihunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. A daren ranar ban jira ba, na buɗe shafinsa na rubuta abin da ya faru, a ƙarƙashi na ƙara: sanadi, goro.

Darakta ya kira ni washegari ya ba ni shawara in bar abin a baki, kada ya shiga kaye, tun da sufeto yana iya zuwa ya duba. Na gaya masa cewa kayen da ake zaɓar abin da zai shiga cikinsa ba shi da amfani ga kowa, kuma in an fi son irinsa a nemi wani ya riƙe. Bai ji daɗi ba, amma ya bar ni. Na kuma rubuta wa Alhaji takarda na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, domin ban ga yadda zan riƙe amanar mutum in ɓoye masa faɗuwar ɗansa ba. Na bayyana masa cikin ladabi cewa goron da yake aikowa yana sa zuciya gudu, na roƙe shi ya daina.

Amsar ta zo ta bakin direba. Alhaji ya ce goro bai taɓa kayar da kowa a gidansu ba tun daga kakan kakansa, abin da yake kayar da yaro shi ne a tashe shi da asuba a kora shi tasha kamar wanda ya yi sata. Ya ce ya ji labari za mu zo Djougou wasa nan da mako uku, to zai gani da idonsa. In yaron ya faɗi, ba zai hau kamyon komawa Parakou ba. In kuma ban saka shi a wasan ba, to ni ma na san ba shi da lafiya ke nan, nan ma ba zai hau ba.

Makonni ukun nan ban taɓa yin irinsu ba. Na hana goro gaba ɗaya, na zauna ina jiran shafin yaron ya gyaru, bai gyaru ba. Abin da ya fi damuna shi ne shafin ya rabu biyu. A gudun asuba yana cikin na gaba, bugunsa yana sauka da wuri fiye da na kusan kowa. Da yamma kuwa, bayan awa ɗaya da rabi a rana, shi ne na ƙarshe: minti uku su wuce zuciyarsa tana nan tana bugawa kamar yanzu ya tsaya. Na jera shafukan goma sha biyu a kan tebur na kwatanta su ɗaya bayan ɗaya. Na rage masa tsalle. Na sa matata ta ƙara masa nama a miya, tun da a gidana yake zaune. Na sake kai shi ɗakin shan magani, aka sake cewa ba komai. Kullum da yamma idona yana kansa har na daina ganin sauran yaran.

Tun da na riga na rubuta cewa goro ne sanadi, sai na yanke cewa yana taunawa a ɓoye. Na kira shi aji bayan an tashi, na tsare shi. A makaranta Mushe ake kirana, yadda ake kiran malami da Faransanci.

Ya ce, "Kawu, wallahi tun ranar ban sa goro a bakina ba."

Na ce, "A nan ni Mushe ne, ba Kawu ba. Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Na duba haƙoransa a hasken taga ina neman jan goro, kamar mai sayen jaki a kasuwa. Ban ga komai ba. Na sa ya juye aljihunansa, babu komai sai guntun alli. Duk da haka na ce masa lambobi ba sa ƙarya, mutane ne suke yi. Ya tsaya kansa a sunkuye har na sallame shi. Na rubuta a shafinsa cewa ya musa.

Mun tafi Djougou a bayan kamyo ana gobe wasa. An sauke yaran a wata makarantar firamare, ni da ɗan yayata muka wuce gida. Yaya ba ta dubi inda yake ba, kamar yadda uwa take yi da ɗan fari, ba ta kuma ambaci faɗuwar ba. Ni ta tambaya ko yaron nan nawa yana cin abinci kuwa, domin ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce yana ci. Ta ce to, ta ƙara sakwara a kwanon da za a kai mana har murfin ya ƙi rufuwa. Alhaji ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya tambayi farashin doya a Parakou. Bai ce komai game da wasa ba, ni kuwa na fi son a ce ya yi faɗa.

Ranar wasan da hantsi muka je gaida mahaifin Alhaji. Tsoho ne da ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, kuma shi kaɗai ya rage a gidan cikin waɗanda suka taɓa bin ayari da ƙafa. Mun same shi a zaure ana kwance huhun goro a gabansa, ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa wa sauran ruwa a sake naɗewa da ɗanyen ganye. Yana sa hannu yana taɓa kowane huhu. Da ya ji muryar jikansa ya fara tsokanarsa nan take. Ya ce ai ya ji labarin ragon da ya je birnin jirgi ya kwanta a ƙasa gaban mutane, kuma in dai wannan ne abokin takararsa to ba shi da fargabar a ƙwace masa tsohuwarsa. Yaron ya ce tsohuwar ai ta riga ta ba shi alkawari, jira kawai take ya gama karatu. Suka yi dariya, ni ban iya ba.

Na ga dama ta samu, sai na kai ƙarar goro wurinsa. Na tsara maganata da kyau, na ce Baba, al'adar ayari abin girmamawa ce, amma abin da ya dace da matafiyi bai zama lallai ya dace da ɗan wasa ba. Ya tambayi wace al'ada nake nufi. Na gaya masa saƙon da Alhaji yake aikowa, cewa mazan ayari ba sa shan ruwa a hanya sai dai su tauna goro.

Ya ce, "Wa ya ce ba ma sha?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya ba mu labari a hankali. Ya ce suna ɗora kaya tun duhun asuba, kafin rana ta kai tsaka sun sauke, babu mai hankalin da yake tafiya da azahar a bazara. Madugu da rafi da rijiya yake lissafin hanya, kowane jaki kuma da salkarsa. Duk inda suka tarar da ruwa, mutum da dabba sai sun sha sun ƙoshi. Goro na wurin da salka ta ƙare ne, a tauna a yaudari baki har a kai zango, kuma ya ga mazan da goron ya yaudara har suka kwanta ba su tashi ba. Ya ce ɗansa a kamyo ya san Gwanja, rabin labarin ya riƙe, rabin da ya fi daɗin faɗa a kasuwa.

Na ji wani daɗi marar kyau, domin an kayar da maganar Alhaji a gabana. Sai tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

Ya ce, "To kai Malam, a makarantar taku me kuke ba su in sun yi zufa?"

Na gaya masa dokar, na kuma gaya masa dalilinta kamar yadda yake a littafi. Ya murza ganye tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Ashe ku biyu kuka haɗu a kansa."

Na yi sallama na fita raina a jagule. Na gaya wa kaina cewa tafiyar jaki daban, tsalle a gaban raga daban, kuma tsohon da bai taɓa ganin bole ba ba zai gyara wa masana littafinsu ba. Amma maganar ta bi ni har fili.

An sa wasan bayan azahar, saboda wani babban ma'aikacin gwamnati da zai halarta yana da tafiya da yamma. Tun a Parakou na rubuta takarda ina nuna rashin dacewar haka a cikin bazara, ba a ko amsa mini ba. Har yau ina ganin wannan sakaci ne da bai kamata a yi da 'ya'yan mutane ba. Filin jar ƙasa ne tsirara, an ja layukansa da toka. Babban ma'aikacin yana ƙarƙashin rumfa, jama'a sun kewaye mu suna ihu da yaren Dendi da Hausa. Rabin 'yan wasan Djougou 'ya'yan manoma ne daga Kolokondé da Bariénou da suke zaune a gari don karatu, gajeru ne a kan namu, kafaɗunsu na masu tada kunyar doya. A gefensu, a gindin wata bishiya, sun ajiye randa da moɗa. Duk lokacin da aka tsaya sai su ruga su sha. Na nuna wa yarana su, na ce su dubi rashin tarbiyya, nan da awa ɗaya ƙafafunsu za su mutu. Mu buta ɗaya muka zo da ita ta kurkurar baki.

Na hango Alhaji can nesa a gindin mangwaro tare da wasu 'yan kasuwa, ya ba filin gefe kamar hira ce ta kawo shi.

Mun ci zagaye na farko cikin sauƙi, ɗan yayata yana dukan ƙwallo ta gefen da ba su saba tarewa ba. Suka ci na biyu. Na uku ya ja ya ja, bugun farko yana ta komawa daga wannan ɓangare zuwa wancan ba tare da maki ya motsa ba, har alƙalin wasa ya cire hularsa yana fifita. Ƙafafun 'yan Djougou ba su mutu ba. Da ƙyar muka ci, amma a ƙarshensa na ga yaron ya yi tsalle ƙwallo ta wuce shi, ya sauko ya tsaya yana duban hannunsa.

Da suka fito na kama wuyansa da yatsuna. Ban buƙaci agogo ba. Fatarsa zafi, zufar da ya kamata ta jiƙa rigarsa ta ragu, leɓunansa sun yi fari sun manne. Na tambaye shi maki nawa aka tashi, ya daɗe kafin ya amsa. Na san abin da yake tafe, na kuma san in ya zo a nan zai zo, gaban mahaifinsa da rabin kasuwar Djougou. Na miƙa hannu ga buta don ya kurkure baki, na ji ta wayam.

Sai kyaftin ɗin yaran ya matso. Ɗan wani mai sayar da yadi ne a zangon Parakou, yaro mai surutu wanda ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Ya ce, "Mushe, a bar shi ya sha. Mu duka muna sha."

Na dube shi. Ya ce kurkurar bakin da nake cewa, haɗiyewa suke yi, su tofar da ɗan kaɗan don in gani. A makaranta kuma in sun nemi izinin zagawa, famfon bayan aji suke zuwa. Ya ce tun farkon shekara haka suke, su goma sha ɗaya.

"Shi kaɗai ne yake tofarwa duka. Mun yi mun yi da shi, ya ce Kawunsa ne ya rubuta."

A tsaye nake amma sai na ga shafukan nan goma sha biyu a jere kamar suna kan teburina. Da asuba yana cikin na gaba, domin ya sha ruwa a gida kafin ya fito. Da yamma yana bayan kowa. Shafuka goma sha ɗaya na masu karya dokata ne, ɗaya na mai binta, kuma shi na kira maƙaryaci na duba masa haƙora.

Saura ɗan lokaci a busa. Babu ruwa a ɓangarenmu, babu rijiya kusa. Na ajiye kaye a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba, na ratsa ta ƙarƙashin raga na nufi randar 'yan Djougou. Jama'a suka lura. Wani ya ɗaga murya ya ce Parakou jirgin ƙasa gare su amma ba su da ruwa, aka kwashe da dariya. Wani ya ce a sayar wa Mushe, kada a ba shi kyauta. Mai horar da su, wanda kwanan baya na rubuta wa takarda mai tsauri a kan tsayin raga, ya taso ya tarye ni. Ya cika moɗa ya miƙo mini, ya sa aka cika mini butar kuma.

Na dawo ina takawa a hankali kada ya zube. Na miƙa wa yaron. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Mushe, doka."

Na ce, "Na soke ta. Sha kaɗan kaɗan."

Na zaunar da shi a inuwar kamyonmu, na jiƙa rigata ta ciki na ɗora masa a wuya da ka, na sa wani ya shiga madadinsa. Na san Alhaji yana iya lissafa wannan zaman a matsayin faɗuwa, kuma ba ni da abin da zan ce in ya yi haka. Ban kalli zagaye na huɗu ba. Ina durƙushe, yatsuna a wuyansa, agogo a ɗaya hannun, ina ba shi kurɓi in jira in ƙidaya. Da farko bugun bai motsa ba, har na fara tunanin a wace mota za a kai shi asibiti. Daga baya ya fara sauka. Zufa ta dawo masa a goshi. Ya tambayi wa yake gaba, na ce su ne. Suka cinye zagayen.

Yaron ya ce zai shiga na biyar. Na sake ƙidayawa, na sa ya miƙe ya taka zuwa sanda ya dawo, na tambaye shi sunayen sarakunan da muka karanta a makon da ya wuce, ya jero su ba kuskure. Rana ta ɗan karkata. Na ce ya shiga, da sharaɗin in na ɗaga hannu zai fito ba gardama. Ban sani ba ko daidai na yi, har yau ban sani ba. Duk tsallen da ya yi sai na riƙe numfashina har ya sauko a kan ƙafafunsa. Na nemi a tsaya sau biyu kamar yadda dokar wasa ta ba ni dama, ba don in ba da wata dabara ba, sai don butar ta zaga. 'Yan Djougou suka ci da tazarar maki biyu. Jama'a suka cika fili. A tsakiyarsu na hango ɗan yayata tsaye a gaban raga yana miƙa wa abokan karawarsa hannu, sai na zauna a kan matakin kamyo.

Washegari da safe yaran suka hau mota, ɗan yayata ya tsaya a ƙasa da ƙullin kayansa, domin ba a ce ya hau ba, ba a ce kada ya hau ba. Alhaji ya iso da carbi a hannu. Kafin ya yi magana na gaya masa cewa takardar da na rubuta masa akwai kuskure a cikinta: goro bai taimaka ba, amma dokata ce ta kayar da yaron, kuma in ya ce amanar ta ɓaci a hannuna ba zan musa ba. Ya ce Baba ya riga ya gaya masa, ya kuma gaya masa nasa rabon a gaban yaran rumfa, wanda bai zama dole ba.

Ya ce, "Ɗanka ya zauna a zagaye na huɗu."

Na ce, "Ni na zaunar da shi, Alhaji."

Ya ce, "Na gani. Na kuma ga wanda ya ratsa fili ana yi masa dariya."

Ya juya ya yi wa direba magana da Dendi. Aka ɗauko wata sabuwar randa naɗe da buhu daga cikin rumfarsa, aka ɗora ta a bayan kamyo tsakanin ƙafafun yaran. Bai dubi ɗansa ba. Ya ce mini a gaida iyali, kuma in an gama jarrabawa a aiko masa da sakamako a rubuce, tun da ni mai son rubutu ne. Yaron ya jefa ƙullinsa sama ya hau.

Na bari sai da muka yi nisa da gari. Na matsa kusa da shi na ce na zarge shi da abin da bai yi ba, ya yafe mini. Ya riƙe bakin randar saboda gargadar hanya, sannan ya tambaya ko Mushe ne yake magana ko Kawu. Na ce dukansu. Ya ce to ya yafe wa Kawu, na Mushe sai ya ga makin da zai ba shi a tarihi.

Da muka isa Parakou na goge dokar daga allo, na kafa randar a gindin sandar raga. Na buɗe shafinsa, na ɗora rula a kan layin da na rubuta sanadi da kuma wanda na rubuta ya musa, na ja musu layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, na rubuta gyaran a gefe na sa hannu. Na ƙara wani sabon gurbi a kowane shafi don adadin moɗar da mutum ya sha. Har ya zauna jarrabawarsa ban daina kama wuyansa da yatsuna kowace yamma ba, ko da lambobinsa sun dawo cikin na gaba, shi kuma bai taɓa janye kansa ba.